Gyambon da ya ƙi warkewa wata takwas: me binciken likitoci ya tabbatar?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Argungu: "Assalamu alaikum Likita. Mahaifina manomin shinkafa ne, ya haura shekara 60. Wata takwas ke nan da kara ya yanke shi a ƙafa, ɗan sama da idon sawu, wajen aikin fadama, ciwon ya zama gyambo. Mun zuba garin kafso, mun shafa jibi (GV, ruwan maganin nan mai rina fata), an yi masa allurai a kemis, yanzu zuma muke sa masa. Sai ya yi kamar zai rufe, sai ya sake buɗewa, ƙafar kuma tana kumbura da yamma. Na ji an ce Turawa sun gano sababbin magunguna na irin wannan ciwo. Wanne ne bincike ya tabbatar, in nema masa ko nawa ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya. Wata takwas ana wankin ciwo ba ƙaramin aiki ba ne, ga kashe kuɗi, ga wari, ga ganin tsoho yana ɗingishi ya kasa kula da gonarsa.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Tiyata da kula da gyambo su ne aikina, kuma abin da bincike na shekara sittin da suka wuce ya fi tabbatarwa shi ne, abin da ake shafawa a saman gyambo ba shi ne kan gaba ba. Ciwo ba ya daɗewa haka kawai. Jikin mai lafiya ya san aikinsa: jini ya tsaya, wurin ya ɗan kumbura na 'yan kwanaki sojojin jini su share datti, jan nama ya tsiro daga ƙasa, fata ta rarrafo daga gefe ta rufe. Idan ciwo ya yi mako huɗu zuwa shida bai nuna alamar raguwa ba, to ya maƙale a matakin kumburin nan ne, kuma akwai abin da ya riƙe shi a can. Sai an gano abin an kawar da shi. A cikin duk bayanin da ka yi, maganar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ƙafar tana kumbura da yamma.

Jinin da ya sauka ƙafa dole ya koma zuciya, kuma hawa zai yi. Naman sharaɓa ne ke matsa shi sama idan mutum yana tafiya, sannan a cikin jijiyoyin akwai wasu 'yan ƙofofi da ke hana shi gangarowa. Idan ƙofofin nan suka saki, ko don shekaru, ko don doguwar tsayuwa, ko don jini ya taɓa daskarewa a jijiyar, sai jini ya riƙa taruwa a ƙasan ƙafa. Ruwa ya tsattsafo cikin nama, ƙafa ta kumbura da yamma ta saɓe da safe, fatar wajen idon sawu ta yi duhu ta yi tauri, wani lokaci har da ƙaiƙayi. Irin wannan fata ko ƙaya ce ta karce ta, wurin ba ya rufewa. Kai ɗan Argungu ne, ka san shinkafa duk da son ruwanta, idan ambaliya ta shanye kanta ta daɗe ba ta janye ba, ruɓewa take yi komai takin da aka zuba mata. To haka naman ƙafar yake. Karan ne ya buɗe ciwon, amma ina kyautata zaton ruwan da ke kwance a ƙafar ne ya hana shi rufewa. Na ce zato, domin ban duba Baba ba, kuma kumburi idan ƙafa biyu ne yana iya zama daga zuciya ko ƙoda ko hanta, wanda maganinsa daban ne.

Idan hakan ta tabbata, maganin da ya fi kowanne hujja a wurin masu bincike shi ne ɗaurin matsi: bandeji mai ƙarfi da ake naɗawa tun daga gindin yatsu har zuwa ƙasan gwiwa, ya fi matsewa a idon sawu ya ragu yana hawa, don ya tura ruwan da jinin sama. A wani asibiti a Landan ne aka fito da ɗauri mai hawa huɗu a shekarun 1980, kuma gwaje-gwaje da yawa tun daga lokacin sun nuna gyambon jijiya ya fi saurin warkewa da ɗauri a kan ba ɗauri, ɗauri mai ƙarfi kuma ya fi sassauƙa. Bandejin nan mai laushi da ake sayarwa a kemis a naɗa sau biyu a soke da fil ba ya wannan aiki, kafin yamma ya saki. Ana haɗa ɗaurin da ɗaga ƙafa sama da ƙirji idan an kwanta, da tafiya a ƙasa don sharaɓa ta yi aikinta. Zama a kan benci ƙafa na reto, da tsayuwa wuri ɗaya, su ne ke mayar da hannun agogo baya. A 2018 an fitar da sakamakon wani gwaji a Ingila da mutum 450: waɗanda aka toshe musu lalatacciyar jijiyar da wuri, ƙari a kan ɗauri, rabinsu sun warke cikin kwana 56, waɗanda aka jinkirta musu sai da aka kai kwana 82. Ka lura, ko a can ma ba wani man shafawa ne ya kawo bambancin ba, gyaran hanyar jini ne.

Amma ina roƙonka, kada ku yi wannan ɗauri da kanku a gida kafin likita ya duba. Akwai wani gyambon da matsalarsa akasin wannan ce: jijiyoyin da ke kawo jini ƙafa ne suka tsuke, jinin ba ya isowa. Alamunsa ƙafa mai sanyi, ciwon sharaɓa idan an yi 'yar tafiya, zogi da dare wanda sai mutum ya sauke ƙafar daga gado yake samun sauƙi, kuma ya fi kama masu shan taba da masu ciwon suga. Idan aka matse irin wannan ƙafa za a iya kashe ta baki ɗaya. Shi ya sa ake laluben bugun jini a bayan idon sawu da saman ƙafa, a auna ƙarfin jini a hannu da a idon sawu a gwama. Idan na ƙafa bai kai kashi 80 cikin 100 na hannu ba, ba a yin cikakken ɗauri.

Awo na biyu da ba zan yarda a tsallake ba shi ne na suga. Mutane da yawa a nan Kabi ba su san suna da shi ba sai gyambo ya kawo su asibiti. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon suga za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu. Suga yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ya ci gaba da taka ciwon kullum yana murje sabon naman da ya tsiro. Maganin wannan daga wurin kutare aka koyo shi. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki da masu kuturta a Indiya kafin ya koma Amurka, ya nuna cewa gyambon tafin ƙafarsu ba ruɓewar nama ba ne, taka shi ne ke hana shi warkewa, kuma idan aka sa ƙafar cikin siminti mai bin siffarta, nauyi ya watsu, sai ya rufe. A 2001 aka gwada wannan ga masu suga a Amurka: kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka sa wa simintin sun warke cikin mako 12, masu takalmin da ake iya cirewa kashi 65. Da aka bi diddigi daga baya, sai aka ga masu takalmin ba sa sanye da shi sai a kashi 28 cikin 100 na takun da suke yi a rana. Gyambon Baba ba a tafin ƙafa yake ba, don haka siminti ba nasa ba ne, amma idan sugansa ya hau, ba ɗaurin da zai yi aiki yadda ya kamata sai an saukar da shi.

Yanzu mu zo kan abin da ake sawa a saman ciwon, domin a nan ne muka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kowa ya taso yana jin a bar ciwo ya sha iska ya bushe. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya yi ƙananan raunuka a fatar aladu, ya rufe wasu da leda ya bar wasu a buɗe. Waɗanda aka rufe suka riƙe danshinsu, sabuwar fata ta rufe su da saurin da ya kai kusan ninki biyu. Shekara ɗaya bayan haka aka ga irin wannan a jikin mutane. Dalili shi ne sabuwar fata rarrafe take yi a kan danshi, idan ta tarar da busasshen ɓawo sai ta kutsa ta ƙarƙashinsa, aikin ya yi nawa. Abin da ake nema danshi ne matsakaici, ba bushewa ba, ba kuma jiƙewar da za ta sa gefen ciwon ya yi fari ya yi laushi ba.

Ka ga ke nan jibi yana busar da wurin, kuma yana rina shi, likita ya kasa gane jan nama daga mataccen nama. Sifirit da haidirojin mai kumfar nan suna kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma suna ƙona jaririn naman da jiki ya kwana yana ginawa, idan ana zuba su kullum. Garin kafso kuwa shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ba a yi shi don a barbaɗa a ciwo ba, yana dunƙulewa ya zama ɓawo, yana iya sa fatar gefe ta yi borin magani, sannan yana koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Toka, kashin shanu, baƙin mai da ruwan batir, waɗannan kada ma a kusanto da su, ta nan tetanos ke shiga. Wankin da ya wadatar shi ne ruwan gishiri irin na asibiti, ko ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba gishiri giram 9 a lita ɗaya, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi. A wanke hannu da sabulu, a wanke ciwon da fatar gefensa, a sa bandeji mai basilin wanda ba ya mannewa, a rufe. Idan bandeji ya manne a jiƙa shi kafin a ɗaga, kada a fizge, domin abin da ke biyo shi sabon nama ne.

Za ka ce to allurai fa, me ya sa ba su yi ba? Ƙwayoyin cuta a tsohon gyambo ba a warwatse suke ba. Suna taruwa su lulluɓe kansu da wani yauƙi da ke manne da naman, magani ba ya ratsa shi sosai, sojojin jini ma haka. A 2008 masu bincike a Amurka suka duba nama daga tsofaffin gyambo 50 da na'ura mai ƙarfin gani, suka sami wannan yauƙi a 30, alhali a sababbin raunuka 16 ɗaya ne kawai yake da shi. Abin da ke cire shi hannu ne: ma'aikacin da ya ƙware ya kankare mataccen nama da yauƙin da kantar gefen ciwon har ya kai nama mai jini, a maimaita a kai a kai domin yauƙin yana dawowa cikin kwanaki. Mutane suna tsorata idan suka ga ciwon ya ƙara faɗi bayan kankara, su ce asibiti ya ɓata shi. Ba ɓata shi aka yi ba, ainihin girmansa ne ya fito. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ko na allura yana da wurinsa, amma sai idan cutar ta shiga nama mai rai: ja da zafi suna yaɗuwa, zogi ya ƙaru, mugunya ta yawaita, ko zazzaɓi. Idan kuwa ta kai ƙashi, allurar kwana biyar ba ta taɓa ta, shi ya sa gyambon da ya daɗe a kan ƙwauri ake ɗaukar hoton ƙashin.

Zuma kuwa ba zan raina ta ba, a matsayina na Musulmi da kuma na likita. Tana janye ruwa daga ƙwayoyin cuta saboda kaurinta, tana da ɗan tsami da ba sa so, tana rage wari, tana taimakawa mataccen nama ya saki. Ɗaya daga cikin rahotannin da suka dawo da ita idon likitocin duniya ma daga ƙasar nan ya fito. A 1988 Likita Spencer Efem na asibitin koyarwa na Kalaba ya ba da rahoton marasa lafiya 59 da aka sa wa zuma, mafi yawansu maganin asibiti ya gaza a kansu, 58 suka sami sauƙi a bayyane. Ɗayan da bai samu ba, daga baya aka gano gyambon Buruli ne, wata cuta mai ƙwayarta daban wadda a yau ake magance ta da magungunan sha iri biyu na mako takwas. Sai dai rahoton Efem ba shi da rukunin da za a gwama da shi. Da aka yi gwaji mai gwamawa a Niyu Zilan, wanda aka fitar a 2008, da mutum 368 masu gyambon jijiya, dukkansu an yi musu ɗauri, rabi aka ƙara musu zuma: bayan mako 12 kimanin kashi 56 cikin 100 na masu zuma sun warke, na marasa zuma kashi 50, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta isa a jingina ta ga zumar ba, kuma masu zuma sun fi kukan raɗaɗi. Inda hujjarta ta fi ƙarfi shi ne ƙunar da ba ta yi zurfi ba. Hukuncina shi ne: idan zumar tsantsa ce, ba wadda aka sirka da ruwan sukari ba, kuma ba ta sa Baba zogi, ana iya amfani da ita a ƙarƙashin bandeji lokacin da ciwon ke da datti da wari. Amma ba za ta janye ruwan da ke ƙafarsa ba.

Sababbin abubuwan da ka ji labari suna nan, kuma wasu suna da amfani. Akwai na'urar da ke zuƙe ruwan ciwo ta cikin soso da aka lulluɓe da leda, wadda masana biyu a Amurka suka bayyana a 1997. A wani gwaji na 2005 da masu suga 162 da aka yanke wa wani sashe na ƙafa, kashi 56 cikin 100 sun warke da ita, 39 ba tare da ita ba. Ta fi dacewa da rami mai zurfi bayan tiyata. Akwai tsutsar wani koren ƙuda da ake renonta cikin tsafta a ɗakin gwaji, tana cinye mataccen nama ta bar mai rai. Gwajin Ingila na 2009 da mutum 267 ya nuna ta fi saurin share ciwo, amma ba ta rage kwanakin warkewa ba. Wannan ba ita ce tsutsar da ƙudan gida ke sakawa a buɗaɗɗen ciwo ba, waccan a kai asibiti a cire. Akwai man da ke ɗauke da sinadarin tsiro da nama, wanda Amurka ta amince da shi a 1997, ya ɗaga warkewa daga kashi 35 zuwa 50 ga gyambon masu suga, da tsada mai yawa. Duk waɗannan an gwada su ne a kan mutanen da aka riga aka duba musu jini, aka kuma kankare, ko aka ɗauke nauyi daga ciwon, ko aka ɗaure. Ƙari ne a kan tushe. Abin da ya fi kusa da mu kuma ya fi yi mana aiki shi ne dashen fata: idan gyambo mai faɗi ya yi ja ya yi tsafta, a yanko fata siririya daga cinya a shimfiɗa. Aiki ne da likitocin tiyata ke yi a manyan asibitocinmu, amma shi ma idan ba a magance kumburin ba dashen ba ya zama.

Ga abin da nake so ka yi. Ka kawo Baba babban asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Sir Yahaya a nan Birnin Kebbi, ka nemi ganin likitan tiyata. A auna suga, a auna yawan jini, a duba bugun jinin ƙafa, a ɗauki hoton ƙashi idan likita ya ga dama, a yi masa allurar rigakafin tetanos idan ya daɗe bai yi ba. Ka faɗi duk abin da aka taɓa sa wa ciwon da duk maganin da yake sha, har da na ciwon gaɓoɓi da ake haɗawa a kemis, domin a cikin irin haɗin nan akan sami maganin da ke danne warkewar ciwo ya kuma tayar da suga. Ranar farko a ɗora leda mai tsafta a zana gefen ciwon da biro, a rubuta kwanan wata, a riƙa maimaitawa duk mako. Ido yana yaudara, zane ba ya yi. Wani bincike na 2003 a kan masu suga ya nuna waɗanda gyambonsu ya ragu da kusan rabi cikin mako huɗu, kashi 58 cikin 100 sun warke a mako 12, waɗanda bai ragu haka ba kashi 9 kacal. Don haka idan wata ɗaya ya wuce zanen bai motsa ba, ba haƙuri ake buƙata ba, sake bincike ake buƙata. A lokacin ne ake yanko ɗan nama daga gefen ciwon a kai ɗakin gwaji, domin tsohon gyambo, musamman na kan tabon ƙuna, yana iya rikiɗa ya zama ciwon daji, kuma alamarsa gefen ya tashi ya yi tudu, yana zubar da jini da an taɓa.

Abincinsa ma magani ne. Jiki ba ya gina nama da tuwo da kunu kaɗai, kuma gyambo mai zubar da ruwa yana kwashe sinadarin gina jiki kullum. Ku da kuke bakin gulbi, a ba shi kifi, wake, ƙwai, nono, gyaɗa, da zogale a miya. Idan yana shan taba, barinta na cikin maganin. Maganar da na san za ta fi yi masa nauyi ita ce ta fadama: ba zai shiga ruwa da laka da wannan ƙafa ba sai ta rufe, ku 'ya'yansa ku ɗauke masa aikin bana, ya je ya duba daga kan tudu. Bayan ta rufe ma zai ci gaba da sa safar matsi da rana da takalmin roba mai tsawo idan zai shiga gona, domin gyambon jijiya yana yawan dawowa ga wanda ya yar da safar.

Kafin ku samu zuwa, idan ka ga ja ko kumburi yana hawa sama da sauri, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko yatsa ya yi baƙi, ko warin ya canza ya yi tsanani, ko Baba ya fara ruɗewa, ko muƙamuƙinsa ya ƙage ya kasa buɗe baki sosai, kada ku jira ranar ganin likita. Ku nemi mota a daren ku kawo shi sashen gaggawa.